A Gindin Dutsen Nyiragongo

Aikin jinya ne ya kai ni Goma, wani gari a gabashin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, a ƙarshen shekarar 2021. Wata ƙungiyar agaji da na taɓa yi wa aiki a Maradi ta nemi ma'aikatan lafiya masu jin Faransanci, su je su sa hannu a ƙananan asibitocin da ke kewayen garin, saboda jama'ar da aman wutar dutsen Nyiragongo ya raba da gidajensu a watan Mayun wannan shekarar. Da na je yi wa mahaifiyata sallama, tambaya ɗaya ta yi mini: "To ɗan nan, wutar ta mutu ne?" Na ce, "Ta lafa, Inna." Ta yi mini addu'a, na kama hanya.

Kigali, babban birnin Ruwanda, na sauka, daga nan na shiga mota zuwa Gisenyi. Hanya ce mai kwana da yawa, hawa da gangara, ga gonakin shayi da ayaba da dankalin turawa har kan tsaunuka. Da mun wuce Musanze sai manyan duwatsun Virunga suka fara bayyana ɗaya bayan ɗaya, kawunansu a cikin gajimare. Gab da mu gangara bakin tafkin Kivu, wanda ke zaune kusa da ni ya taɓa ni ya nuna ta taga. Nyiragongo ke nan, mai tsayin mita 3,470, samansa a baje, wani farin turnuƙu na fita daga bakinsa yana karkata zuwa yamma. Baƙo zai ɗauka gajimare ne. Bambancinsa da gajimare shi ne, daga wuri ɗaya yake tashi, kuma ba ya yankewa.

Gisenyi da Goma a manne suke, shingen iyakar Ruwanda da Kwango ne kawai tsakaninsu. A lokacin, baƙi irina ta babbar ƙofa muke bi, a duba fasfo da takardar gwajin korona. 'Yan tireda kuwa ta ƙaramar ƙofa suke kwarara a ƙafa, mata da kwandunan tumatir da kabeji a ka.

Abin da ya fara ɗaukar idona a Goma shi ne baƙin dutse. Da shi ake katanga, a kansa ake kafa gida, shi ne ƙasar da yara ke wasa a kai. Samari na tura chukudu, wato wani keken katako da suke loda wa buhunan gawayi da dankali, a kan hanyoyin da babu komai sai tsakuwa mai kaifi. A tsakiyar gari direbanmu ya nuna mini benayen da hawansu na ƙasa ya nutse cikin dutse, na biyun ya koma shi ne ƙofar shiga. Aikin ranar 17 ga Janairun 2002 ke nan, lokacin da narkakken dutse ya ratsa garin, ya rufe wani ɓangare na titin saukar jiragen sama, ya gangara har cikin tafki. Mutane kusan 400,000 suka tsallaka Ruwanda, fiye da 100,000 suka rasa matsuguni. Kafin wannan akwai na 10 ga Janairun 1977, wanda tafkin wutar da ke cikin bakin dutsen ya tsiyaye cikin ƙasa da awa guda. Narkakken dutsen Nyiragongo ba shi da kauri, saboda ƙarancin silika a cikinsa, wato sinadarin da ke sa narkakken dutse kauri, shi ya sa yake gudu fiye da yadda mutum zai iya tsere masa a gangara.

Aka kai mu Buhene mu ga inda narkakken dutsen daren 22 ga Mayun 2021 ya tsaya. Wani tudun baƙin dutse ne da ya fi mutum tsayi, ya zo ya tsaya a bakin gidajen mutane. Ta wannan gefe ayaba na tsaye kore shar, ta wancan gefe babu komai sai lanƙwasassun kwanukan rufi da suka leƙo daga cikin dutsen. Gidaje fiye da 3,000 suka tafi, mutum 32 suka rasu. Na tambayi yadda suka rasu, kuma amsar ita ce ta fara juya mini tunani game da wannan wuri. Da yawansu wuta ba ta taɓa su ba. Wasu haɗarin mota ne wajen gudu. Wasu kuwa, bayan wutar ta datse hanyar Goma zuwa Rutshuru, sun yi ƙoƙarin tsallaka dutsen a ƙafa tun bai huce ba, don su je su duba iyalansu, iskar da ke fita daga tsagoginsa ta shaƙe su a nan.

Asibitin da aka ajiye ni yana arewacin gari, wajen Kanyaruchinya, inda aka kafa wa waɗanda suka rasa gidaje rumfunan tamfol. Wadda ke riƙe da wurin wata dattijuwar ma'aikaciyar jinya ce 'yar garin, kowa Mama yake ce mata, ita kuma Papa take ce mini kamar yadda suke kiran kowane magidanci. Ranar farko ta miƙo mini rajista ta ce in karanta da kaina. Zazzaɓin cizon sauro, gudawa, sai tari da sarƙewar numfashi, shafi bayan shafi. Ta ce, "Papa, ka riƙa duba dutsen da safe kafin ka shigo. Ranar da ka ga hayaƙin ya kwanto ta nan, ka fito da maganin shaƙa ka ajiye a kan tebur."

Haka kuwa aka yi. Galibi iska na kwasar turnuƙun ta yi yamma da shi. Amma akwai safiyar da na fito na ji warin ashana da aka ƙyasta ya cika ko'ina, maƙogwarona na ƙaiƙayi, idanuna na yaji. Kafin azahar benci ya cika. Akwai wata yarinya 'yar makaranta da kakarta ta goyo a baya, tana zaune ta dafa gwiwoyi, kafaɗunta na ɗagawa da kowane numfashi, ba ta iya haɗa kalma uku. Ban buƙaci abin sauraron ƙirji ba, kukan ƙirjinta ana jin sa daga bakin ƙofa. Muka ba ta maganin buɗe hanyar numfashi, muka sa mata oksijin daga injin da ke aiki da hasken rana, a hankali ta dawo. Kakar ta ce duk ranar da "dutse ya yi wari" haka take yi.

Iskar da ke wannan aiki ita ce salfa dayoksaid, wato hayaƙin farar wuta. Tana narkewa da zarar ta taɓa danshi, kuma hanci da maƙogwaro da bututun huhu duk danshi ne, sai ta zama asid a jikinsu. Mai lafiya zai yi tari, ya yi majina, idonsa ya yi ja, ya wuce. Mai asma kuwa bututun numfashinsa ne ke tsukewa, kuma cikin 'yan mintoci hakan ke faruwa, ko da iskar ba ta yi yawan da wani zai damu da ita ba. Hanci yana tare kaso mai yawa idan mutum na zaune yana numfashi a hankali. Amma mai tura chukudu a hawa, ko matar da ta ɗauko jarkar ruwa mai lita 20 a baya, da baki suke numfashi, sai ta wuce kai tsaye zuwa ƙirji. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ta ce kada matsakaicinta cikin awa 24 ya wuce maikirogiram 40 a kowane kubik mita na iska. Nyiragongo da ɗan'uwansa Nyamuragira, wanda ke arewa maso yamma da shi kuma ya fi kowane dutse a Afirka yawan aman wuta, suna cikin wuraren da taurarin ɗan'adam suka fi hango fitar wannan iska a duniya, tan dubbai a rana guda. Kuma ba ta tsayawa a matsayin iska. Idan ta jima a sama ta haɗu da rana da danshi, sai ta rikiɗe ta zama ƙananan ɗigo na asid da ƙwayoyin da ido ba ya gani, waɗanda ke iya kaiwa har can ƙarshen huhu inda jini ke karɓar oksijin.

Mu da muka tashi a Sahel mun san abin da iska ke yi wa ƙirji. Idan hunturu ya kama, hazo ya rufe gari, asibitocinmu cika suke yi da masu tari da masu asma da jarirai masu limoniya. Sai dai hazonmu yana da watanninsa, ana ganin zuwansa, tsoho ya naɗe hanci da rawani ya jira bazara. Nasu ba ya bin wata, ya danganta ne kawai ga inda iska ta juya a wannan rana.

Ba zan ɗora wa dutsen komai ba, don na shiga rumfunan na gani. Mafi yawan gidajen Goma da gawayi suke girki, kuma a sansani idan ruwa ya sauko, wanda kusan kullum ne a wannan lokaci na shekara, cikin tamfol ake shigo da murhu, ga uwa ga jariri a bayanta. Ga sanyin dare, don garin yana kan tudu mai kusan mita 1,500. Ga cunkoso, ga yunwa, ga tarin fuka da ke yawo. Huhun yaron da ke kwana cikin wannan hayaƙi ya riga ya gaji kafin iskar dutse ta iso shi. Ita ƙari ce a kan kayan da suka riga suka yi nauyi, kuma shi ya sa take kayar da yaron sansani ta bar ɗan mai hali da ke zaune a unguwannin bakin tafki cikin gida mai gilashi.

Abin da muke da shi kaɗan ne, amma yana aiki. Mama ta iya yanka gindin gorar ruwa ta roba mai rabin lita, ta soka bakin inhela, wato maganin shaƙa, a ciki, yaro ya kama bakin gorar ya ja numfashi a hankali. Da haka maganin ke isa huhu maimakon ya tsaya a harshe. Na ga iyaye mata sun koyi wannan cikin zama ɗaya. Batun takunkumi kuwa sai da muka yi ta maimaitawa, saboda korona ta sa kowa na da ɗaya a aljihu kuma suna ganin ya ishe su. Takunkumi mai kyau irin N95, idan ya zauna daram a fuska, yana tare toka. Na asibiti mai shuɗi yana ragewa. Ƙyalle, ko an jiƙa shi, abin da yake tarewa kaɗan ne. Amma babu ko ɗaya cikinsu da ke tare iskar farar wuta. Ranar da ta sauko, mai asma ya shiga ɗaki ya rufe, ya bar aikin ƙarfi, maganinsa na kusa da hannunsa. Na sha faɗar wannan ga mutanen da ɗakinsu tamfol ne kuma abincin ranar yana bakin aikin ƙarfin, ina faɗa ina jin nauyin maganar a bakina.

Tokar ma sun sha ta. Bayan wutar Mayu, bakin dutsen ya riƙa ruftawa ciki yana tura toka sama, tana sauka a kan rufi da ganyen rogo da kayan miya. Ba irin tokar murhu ba ce mai laushi. Garin dutse ce da gilashi, mai kaifi, ba ta narkewa a ruwa. Tana kankare ido idan aka murza, tana tayar da tari, kuma duk motar da ta wuce sai ta sake tayar da ita. Mun riƙa cewa a yayyafa ruwa kafin a yi shara, a wurin da ruwan sha ma sai an saya.

Wata rana aka tura mu Rusayo, ƙauyen da ke yamma da gindin dutsen, daidai inda turnuƙun ya fi bi. Tun daga nesa kwanukan rufi suka ba ni labari: jajaye ne da tsatsa, wasu sun huje, kuma masu gidajen sun ce ba su daɗe da sa su ba. Ruwan saman da ya ratso ta cikin hayaƙin yana saukowa da asid. A wannan yanki babu rafi babu rijiya, don dutsen da ke ƙasa duk ramuka ne, ruwa na sauka yake shanyewa. Saboda haka ruwan saman nan shi ake tara a tanki da durom a sha. Yana ɗauke da fulorayid daga dutsen, sinadarin da ke ɓata haƙora idan ya yi yawa, kuma na ga shaidarsa a bakin yara, haƙora masu ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa. Wani makiyayi ya ba mu labarin wasu siraran zaruruwan gilashi da iska ke kawowa idan wuta ta yi tsiri, su zuba a ciyawa, saniya ta ci su yanke mata ciki.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai yana kan hanyar Sake, tsakanin Mugunga da bakin tafki, a yankin da ake kira Bulengo. A can na ga mazuku, wato muguwar iskar da ke taruwa a cikin ramuka.

Wani matashi ɗan sa-kai na unguwar ne ya kai mu. Wurin ba shi da wata alama da za ta tsorata mutum. Wani ɗan kwari ne tsakanin duwatsu, zurfinsa bai wuce ƙugu ba, ciyawa a gefensa, inuwa mai daɗi. Ya hana mu sauka. Ya ɗaura tsumma a bakin doguwar sanda, ya kunna masa wuta, ya sunkuyar da ita a hankali. Wutar na ci sosai har ta kai wani zurfi, sai ta mutu farat ɗaya. Hayaƙin tsumman bai tashi sama ba, ya kwanta ya shimfiɗu a kan wani abu da ba mu gani, yana lilo. A ƙasan ramin akwai gawar tsuntsu da ta ɓera.

Iskar kabon dayoksaid ce, tana tsattsafowa daga ƙarƙashin ƙasa ta tsagogin dutse, sanyi ƙalau, ba launi ba wari. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi sau ɗaya da rabi, don haka take taruwa a rami da kwari da gindin gini. A iskar yau da kullum kasonta bai wuce 0.04 cikin ɗari ba. Idan ta kai kashi 10, mutum na suma cikin mintoci, kuma a cikin waɗannan ramuka tana ninka haka. Tana farawa da ciwon kai da haki da jiri, ƙafa ta saki, mutum ya faɗi, kuma faɗuwar ce ke kai fuskarsa inda ta fi kauri. Da dare da sassafe ta fi taruwa, lokacin da iska ba ta kaɗawa. Babba zai iya ratsa wurin kansa na sama da ita bai san komai ba, yaron da ke biye da shi yana cikinta tsundum. Akuya ta shiga, yaro ya bi ta ya ɗauko, uwa ta bi yaro. Matashin ya ce abin da suka fi wahalar koya wa mutane shi ne kada su diro ceton wanda ya faɗi sai da igiya da mai riƙe ta a sama. Masu haƙar masai da tushen gini su ma suna cikin waɗanda take ɗauka. Tun 1994, lokacin da 'yan gudun hijirar Ruwanda suka cika Mugunga, aka san tana kashe baƙin da ba su san ƙasar ba, waɗanda suka ga kwari suka ce ga wurin fakewa daga iska.

Akwai allunan gargaɗi da Faransanci da Suwahili a wasu ramukan. Wasu sun ruɓe, wasu an cire. Kuma ga sababbin gidajen katako ana kafawa 'yan taku kaɗan daga wurin, saboda gari na faɗaɗa kuma filin nan shi ne mai araha. Wannan ya ɓata mini rai ƙwarai. Rami ne da ba ya motsi, an san inda yake, an auna shi. Kewaye shi da katanga ba ya buƙatar wani ilimi da babu, kuma dutsen ginin ma ga shi nan zube a wurin.

A cikin gari akwai allunan da cibiyar sa ido kan duwatsun, wadda ofishinta ke kan tudun Goma, take nuna halin da ake ciki da launi: kore, rawaya, ruwan lemo, ja. Kowane ɗan kabu-kabu ya san ma'anarsu. Sai dai duk labarin wuta suke bayarwa. Uwar mai asma da ke son sanin ko yau za ta bar ɗanta ya tafi makaranta, hancinta ne kawai ma'auninta.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, wani abokin aiki ya ja ni bakin tafki muka ci sambaza, ƙananan kifaye da ake soyawa su yi ƙaras. Ruwan kwance lumui, masunta na fita da jiragensu uku-uku a haɗe. Zurfin Kivu ya kai wajen mita 480, kuma can ƙasa akwai iskar da ta narke a ruwa: kabon dayoksaid kusan kubik kilomita 300, da metan, wato gas mai kamawa da wuta, kusan 60. Nauyin ruwan sama ne ke danne ta. 'Yan'uwanmu na Kamaru sun san abin da ke faruwa idan irin wannan ta kuɓuce. Daren 21 ga Agustan 1986 tafkin Nyos ya saki tasa, ta gangara kwaruruka ta kashe mutum 1,746 da dabbobi kusan 3,500, har da garkunan Fulanin da ke kiwo a tsaunukan. Shekara biyu kafin nan tafkin Monoun ya kashe 37. An sa wa Nyos bututun rage iska tun 2001. Kivu ya fi shi girma nesa ba kusa ba, kuma mutane kusan miliyan 2 ke zaune a kewayensa. Tsoron haka na cikin abin da ya sa ranar 27 ga Mayun 2021, ana tsaka da girgizar ƙasa, gwamnan soja Constant Ndima ya ba da umarnin kwashe unguwanni 10 cikin 18 na garin, mutane kusan 400,000 suka fita, akasari zuwa Sake inda babu isasshen ruwan sha. Ta ɓangaren Ruwanda kuwa, a Kibuye, tashar KivuWatt na zuƙo metan ɗin tana mayar da shi wutar lantarki.

Na bar Goma ta hanyar da na shigo. Bayan tafiyata yaƙi ya sake tashi da 'yan tawayen M23, jama'a suka kwararo daga Rutshuru da Masisi, kuma ɗaya daga cikin manyan sansanonin da aka kafa musu a 2023 a Bulengo aka kafa shi, a kan wannan ƙasa mai ramuka, aka cika ta da mutanen da ba su taɓa jin sunan mazuku ba. A watan Janairun 2025 garin kansa ya faɗa hannun 'yan tawayen, aka rufe filin jirgin sama, shigo da magani ya ƙara wuya. Inhela ɗaya shaƙa 200 ce a cikinta. Saƙon ƙarshe da Mama ta aiko mini ta WhatsApp bai yi maganar yaƙi ba. Cewa ta yi in tambaya mata ko akwai wanda zai bi ta Kigali, ya riƙo mata ko da kwali ɗaya ne.